Yadda Iyali Ke Kafa Ƙungiyar Tseren Mota a Gajerun Filayen Amurka

Daga watan Afrilu zuwa Satumba, mazauna ƙananan garuruwa da dama a Amurka sun saba da wata ƙara da ke tashi a daren Juma'a ko na Asabar, ƙarar motoci ashirin ko fiye suna zagaya fili mai siffar ƙwai wanda tsawonsa bai kai mil ɗaya ba. Wannan ba shi ne babban tseren NASCAR, babbar hukumar tseren motoci a Amurka, da ake nunawa a talabijin ba, ko da yake daga nan wancan ya tsiro. Masu tuƙi a waɗannan filaye talakawa ne da ke da sana'arsu ta yau da kullum, wani mai gyaran famfo, wani direban babbar mota, wata ma'aikaciyar asibiti, wani ɗalibin sakandare, kuma waɗanda ke riƙe musu sifana galibi uba ne da ƙane da matar gida da surukin da ya iya walda.

Abin ya daɗe a haka. 'Yan'uwan Wood na garin Stuart a jihar Bajiniya sun fara ne a 1950, Glen yana tuƙi, ƙanensa Leonard yana fama da inji. Ralph Earnhardt, mahaifin shahararren direba Dale Earnhardt, a garejin bayan gidansa da ke garin Kannapolis a jihar Arewacin Karolina yake haɗa motocinsa, kuma da su ya zama zakaran rukunin Sportsman na NASCAR a 1956. Wendell Scott na garin Danville a Bajiniya, baƙar fata na farko da ya ci tsere a babban rukunin NASCAR, a Jacksonville ta jihar Florida ranar 1 ga Disamba 1963, 'ya'yansa ne ke canza masa taya. Iyalin da ke son bin wannan sawu ya kamata su fara da sanin cewa tseren kansa ba ya wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin, amma kwanaki shida da suka gabace shi ne ke yanke hukuncin yadda zai kasance. Ga yadda ake bi, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: a zaɓi fili kafin a zaɓi mota

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga mota mai araha ya saya, daga baya ya shiga neman inda za a karɓe ta. Kowane fili yana da nasa dokokin, kuma motar da ta cika sharuɗɗa a wannan gari ana iya mayar da ita daga bakin ƙofa a gari na gaba. Saboda haka iyali su fara zuwa kallo. Su zauna tare da 'yan kallo sau biyu ko uku, sannan su sayi tikitin shiga wurin da ake ajiye motoci da gyara su, inda ake sa hannu a takardar yarda da haɗari, su zagaya su ga yadda mutane ke aiki, su yi tambaya. Mutanen wannan harka suna son sabon shiga, domin kowace sabuwar mota ƙarin rai ce ga filinsu.

Filayen iri biyu ne, na kwalta da na ƙasa. Na kwalta, irin su Hickory a Arewacin Karolina wanda aka buɗe a 1951, ko Bowman Gray da ke Winston-Salem, mai tsawon rubu'in mil wanda ke kewaye da filin ƙwallo kuma ake tsere a cikinsa a ƙarƙashin NASCAR tun 1949, suna buƙatar tsanaki da daidaito, kuma suna cin taya. Na ƙasa, irin su Eldora a Ohayo da Earl Baltes ya gina a 1954, ko Boone a Ayowa inda ɗaruruwan motoci ke haɗuwa kowane watan Satumba, suna canza hali a cikin dare ɗaya: da yamma yumɓun yana da danshi yana riƙe taya, zuwa ƙarfe goma ya bushe ya yi santsi kamar an shafa masa mai. A ganina nisan fili daga gida ya fi irinsa muhimmanci, domin iyalin da za su ja tirela awa uku zuwa, awa uku dawowa, kowane mako, ba za su kai watan Yuli da sauran sha'awa ba. A kuma duba lafiyar filin kansa, wato yawan motoci da yawan 'yan kallo da wanda ya mallaki ƙasar, saboda filaye na rufewa idan gari ya cim musu. Na Myrtle Beach ya rufe a 2020, na Irwindale a Kalifoniya ya bi sahu a ƙarshen 2024.

Mataki na biyu: littafin dokoki da zaɓen rukuni

Bayan an tsayar da fili, sai a sauko da littafin dokokinsa daga intanet, a buga shi a takarda, a karanta shi da biro a hannu. Wasu filaye suna rubuta nasu, wasu suna bin hukuma kamar IMCA, wadda aka kafa a 1915, ko tsarin gasar mako-mako na NASCAR da ya fara a 1982. Amfanin bin hukuma shi ne mota ɗaya za ta iya shiga filaye da yawa ba tare da an sake mata fasali ba. Akwai ƙa'idar da masu duba motoci ke yawan maimaitawa, cewa duk abin da littafi bai ce an yarda a yi ba, to an hana. Idan wata jimla ta yi duhu, a kira babban mai duba motoci na filin a tambaye shi kafin a kashe ko sisi, kuma a rubuta amsar da ya bayar tare da ranar.

Sabon shiga ya fara daga ƙasa. Rukunin da ya fi sauƙi shi ne na ƙananan motoci masu silinda huɗu, irin su Chevrolet Cavalier da Dodge Neon da Honda Civic, waɗanda ake cire musu gilashi da kujeru a saka musu kejin ƙarfe mai kare direba, amma inji da sauran kaya suna nan kusan yadda kamfani ya yi su. A filaye da yawa an kuma buɗe rukunin Ford Crown Victoria, tsofaffin motocin 'yan sanda da tasi da aka daina ƙerawa a 2011, waɗanda ke da jure duka kuma kayansu suna cike a wuraren tsofaffin motoci. Sama da su akwai waɗanda ake kira Hobby Stock da Street Stock, masu silinda takwas, galibi a kan ƙashin Chevrolet Monte Carlo da 'yan'uwanta na shekarun 1978 zuwa 1988. Rukunin Late Model shi ne na gaba-gaba a yawancin filaye, amma wanda ya fara da shi zai koyi tuƙi ne da mota mafi tsadar gyara, a tsakanin mutanen da suka yi shekara ashirin suna yi. Idan direban yaro ne, akwai ƙananan motocin Bandolero da Legends da aka ƙirƙiro a yankin Charlotte na Arewacin Karolina, kuma dole iyaye su sa hannu a takardar izinin ƙananan yara.

A kula da dokar inji musamman. Wasu rukunai suna amfani da injin da aka rufe da hatimi daga kamfani, kamar wanda ake kira 602 na Chevrolet, mai lita 5.7 da ƙarfin doki kusan 350, kuma taɓa hatimin laifi ne mai nauyin hukunci. Wasu kuma, musamman a ƙarƙashin IMCA, suna da dokar da ta ba direba damar sayen injin wanda ya zo a sahun gaba a kan ƙayyadadden farashi mai sauƙi, wanda ya ƙi sayarwa kuma a hukunta shi. Manufar ita ce kada mai kuɗi ya zuba dukiya a inji, tunda ana iya raba shi da shi a daren.

Mataki na uku: zaman iyali a kan kuɗi

Wannan mataki gajere ne a faɗa, amma shi ke raba gidaje. A zauna a rubuta abin da za a kashe sau ɗaya, wato mota da tirela da kayan kariya da kayan aiki, sannan a rubuta na kowane mako, wato kuɗin shiga na kowane mutum, fetur na motar tsere da na a-kori-kurar da ke janta, taya, baƙin mai da abinci. A ninka na mako da yawan dararen kakar, a ƙara wani kaso na haɗari, domin haɗari tabbas ne, lokacinsa ne kawai ba a sani ba. Ladan da ake biya a ƙananan rukunai da wuya ya rufe kuɗin daren ko ga wanda ya zo na ɗaya. A buɗe asusu dabam, a amince cewa kuɗin haya da na makaranta ba sa shiga ciki, kuma a ba wa mutum ɗaya, wanda ba direba ba, ikon cewa wannan makon ba za a je ba. Direba ba ya iya faɗin haka da bakinsa.

Tallafi yana zuwa ne daga ƙananan 'yan kasuwar gari, mai shagon taya, mai gidan abinci, mai rufin gidaje, kuma sau da yawa ba tsabar kuɗi ba ne, baƙin mai ne ko fenti ko aron wurin aiki. Wanda aka rubuta sunansa a jikin mota yana da haƙƙin a kai masa hoto, a gayyace shi fili, kuma a riƙa wanke motar.

Mataki na huɗu: sayen mota

Sayen motar tsere da wani ya riga ya gina ya fi araha a kan gina sabuwa, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da masu hawa rukuni na gaba ke neman kuɗi. Mafi kyau ita ce motar da aka gani da ido tana gudu a filin da aka zaɓa. A tafi da wanda ya san walda, a ɗauki tocila da tef na awo. Fenti da lanƙwasar bodi ba abin dubawa ba ne. Abin dubawa shi ne ƙashin motar, ko ya karkace, ko tsatsa ta ci wurin da keji ya zauna a kansa. A auna tazarar tayar gaba da ta baya a hagu da dama, a kuma auna a giciye, domin motar da ta taɓa dukan bango da ƙarfi awonta ba ya zuwa daidai. Keji a yawancin littattafan dokoki na bututun ƙarfe ne mai kaurin inci 1.75 da kaurin bango inci 0.095, da sanduna uku ko huɗu a ƙofar direba, kuma kowace mahaɗa sai an yi mata walda ta zagaye gaba ɗaya, har ta saman da ke kusa da rufi inda hannu ba ya isa da sauƙi. A nan ne ragon mai walda ke ɓoye aikinsa. A roƙi mai sayarwa ya haɗa da ragowar tayoyi da kayan gyara, sama da duka kuma littafin da yake rubuta saitin motar, wanda darajarsa ta fi ta tayoyin.

Mataki na biyar: kayan kariya

A nan ba a neman araha, kuma ba a sayen na hannu sai an ga tambari da kwanan wata. Hular kwano dole ta kasance mai tambarin Snell, cibiyar da ke gwada ingancin huluna, na rukunin SA, kamar SA2020, ba ta babur ba, domin ta mota an gwada cikinta da wuta. Rigar wuta tana da daraja-daraja a ma'aunin SFI, cibiyar da ke tantance kayan kariya na tsere: mai lamba 3.2A/1 tana ba da kimanin daƙiƙa uku kafin fata ta yi mummunar ƙuna, mai lamba 3.2A/5 kimanin daƙiƙa goma. Duk wanda ya taɓa gwada fita ta tagar motar tsere, bayan ya cire sitiyari, ya kwance ɗamara, ya sauke ragar taga, ya san daƙiƙa uku ba komai ba ne. A haɗa da safar hannu da takalma da kayan ciki marasa kama wuta, kada a sa rigar leda a ƙarƙashi domin tana narkewa a jiki.

Ɗamarar kujera mai maɗauri biyar ce ko shida, kuma mai tambarin SFI 16.1 wa'adinta shekara biyu ne, saboda rana da zafi suna raunana zarenta. A ɗaure ta a jikin keji, ba a jikin ƙasan mota ba, kuma maɗaurin kafaɗa ya fito daga sandar da ke daidai da kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan. Kujera ta zama ta alminiyam mai riƙe haƙarƙari da kai, wadda ta kama jikin direban sosai. Sai na'urar riƙe kai da wuya, irin su HANS. Dale Earnhardt ya rasu ne a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500 ranar 18 ga Fabrairu 2001 sakamakon karayar gindin ƙoƙon kai, kuma a watan Oktoban shekarar NASCAR ta wajabta irin wannan na'ura a manyan rukunanta. Har yanzu akwai ƙananan filaye da ke cewa shawara ce kawai. Ni ban ga dalilin da iyali za su ɗauke ta a matsayin shawara ba, tunda bangon siminti bai san rukuni ba.

A jikin motar kuma, tankin fetur ya zama na tsere mai akwatin ƙarfe da bawul ɗin da ke hana zuba idan mota ta kife, a saka makashin batir inda masu ceto za su iya kai hannu daga waje, a ɗaure gorar kashe wuta inda direba zai isa gare ta yana ɗaure. Farfela ana shafa mata farin fenti a kewaye ta da zoben ƙarfe don kada ta soki ƙasa idan ta tsinke. Dalmar da ake ƙara nauyi da ita ma fara ake shafa mata, a rubuta lambar motar, a ɗaure ta da manyan kusoshi biyu. A filayen kwalta ruwa zalla ake zuba wa lagireto, domin ruwan sanyaya inji na kanti idan ya zube yana mayar da kwalta sulɓi. Kafin ranar farko, direba ya sa kayansa duka ya gwada fita daga motar a gareji ana duba agogo, sannan ya sake gwadawa idonsa a rufe.

Mataki na shida: saita mota don kwana hagu

Motar gida an yi ta ne don ta tafi miƙe ta kuma juya kowane ɓangare. Wannan kuwa hagu kawai take juyawa, sau biyu a kowane zagaye, don haka da gangan ake karkatar da komai nata. Abu na farko shi ne awon nauyi. Ana ɗora motar a kan sikeli huɗu a daɓe mai daidaito, direba yana ciki, fetur yana yadda zai kasance, iskar taya an daidaita. Sikelin yana da tsada, amma ana samun aro a wurin maƙwabta a fili. Misali, a ce mota ta auna kilo 1,450, kimanin laba 3,200 a awon da Amurkawa ke amfani da shi: gaba hagu 410, gaba dama 340, baya hagu 400, baya dama 300. Nauyin hagu 810 ke nan, kusan kashi 56 cikin ɗari, kuma dokar kowane fili tana ƙayyade iyakarsa. Idan aka haɗa gaba dama da baya hagu aka sami 740, wato kashi 51 cikin ɗari, wannan shi ne nauyin giciye, kuma shi ne babban abin da ake wasa da shi.

Direbobi suna bayyana halin mota da kalmomi biyu. Ko dai ta yi taurin kai, wato an juya sitiyari amma gabanta yana ci gaba da nufar bango, ko kuma ta saki baya, wato ƙugunta yana neman wuce gabanta. Ƙara nauyin giciye yana ƙara mata taurin kai, rage shi yana sakin bayanta. Haka kuma akwai bambancin kewayen tayoyin baya. Wanda ya taɓa mirgina bokiti a ƙasa ya ga yadda yake lanƙwasa zuwa ɓangaren gindinsa mai ƙanƙanta. Haka mota take idan tayar baya ta dama ta fi ta hagu faɗin kewaye. Ana auna kewayen kowace taya da siririn tef bayan an hura ta, a rubuta da alli a jikinta, a haɗa su biyu-biyu. Ƙarin bambanci yana taimaka wa mota ta juya a tsakiyar kwana, amma idan ya yi yawa sai ta saki baya wajen fita.

Tayar gaba ta dama ita ce ta fi kowace wahala, kuma ana jingina samanta ciki kaɗan, ta hagu kuma a jingina samanta waje, don dukansu su kwanta sosai a kwana. Hanyar gane ko an dace ita ce auna zafin taya da zarar mota ta fito daga fili, a wuri uku, gefen ciki da tsakiya da gefen waje. Idan tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Idan ta fi sanyi, iska ta yi kaɗan. Idan gefe ɗaya ya zarce ɗayan nesa, jinginar ba daidai take ba. Idan tayar gaba ta dama ta fi ta baya ta dama zafi sosai, motar mai taurin kai ce ko da direba ya rantse ba haka ba ne. Giya kuma ana zaɓenta ne yadda inji zai kai ƙarshen ƙarfinsa daidai lokacin da za a ɗaga ƙafa a bakin kwana.

Ƙa'idoji biyu ne ke tsare sabon shiga daga ruɗewa. Ta farko, a canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, a rubuta shi, a gwada. Ta biyu, a raba kwana gida uku, shiga da tsakiya da fita, a fara gyara matsalar shiga, saboda motar da ta yi taurin kai a tsakiya takan sa direba ya murɗa sitiyari fiye da kima, sai ta kufce masa wajen fita, shi kuma ya dawo yana cewa ta saki baya. Idan aka bi maganarsa aka ƙara nauyin giciye, an ƙara cutar ne.

Mataki na bakwai: rabon aiki

Kowa ya san nasa tun daga gida. Mutum ɗaya ne ke yanke hukuncin saiti, kuma shi kaɗai ke magana da direba idan ya fito. Wani yana kula da taya, iska da awo da ɗaure noti, kuma shi ne na ƙarshe da zai zagaya motar kafin ta motsa. Wani yana riƙe da littafi da agogo, yana rubuta lokacin kowane zagaye da yanayin fili da abin da aka canza. A gidaje da yawa uwa ce ko ƙanwa ke wannan, kuma bayan kaka biyu ita ce ta fi kowa sanin motar. Wani ya ɗauki bidiyo da waya daga wurin 'yan kallo, domin bidiyo yana kashe musu tsakanin uba da ɗa. Ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai sai an sa mata ƙafafun ƙarfe, kuma ba a buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Mataki na takwas: daren tsere

A loda kaya tun daren jiya bisa jerin da aka liƙa a ƙofar tirela, a isa da wuri. Bayan rajista, a filaye da yawa direba yana zaro lamba daga jaka, ita ce ke nuna inda zai tsaya a tseren share fage. Ana kai motar wurin masu dubawa, a maƙala mata ƙaramar na'urar da ke ƙirga zagaye, a sa wa direba rediyon kunne wanda jami'an fili kaɗai ke magana ta cikinsa. Taron direbobi wajibi ne. Daga nan sai zagayen gwaji, sai tseren share fage mai zagaye takwas zuwa goma, sannan babban tsere, wanda a ƙananan rukunai yakan kasance zagaye 15 zuwa 25.

Tutoci ba su da wuyar haddacewa: kore a tafi, rawaya a rage gudu ba wucewa, ja a tsaya cak, baƙa an kira ka ka fita, shuɗiya mai ratsi na gaba suna zuwa su zagaye ka, fara saura zagaye ɗaya, mai dara-daran baƙi da fari an gama. Sabon direba ya nemi a sa shi a baya a dararensa uku na farko, kuma idan na gaba suka iso shi ya riƙe layinsa, kada ya yi ƙoƙarin kauce musu, domin kaucewar ba-zata ce ke haddasa karo. Burin watan farko shi ne a gama kowane zagaye a mayar da mota tirela da ƙafafunta. Idan an yi haɗari, direba ya sauke ragar taga don a san yana lafiya, ya zauna a ciki har masu ceto su iso, sai fa in wuta ce. Wannan doka ta ƙara tsanani ne bayan watan Agustan 2014, lokacin da wani matashin direba ya fito daga motarsa a filin Canandaigua da ke jihar New York, ya taka cikin fili motoci na wucewa, aka buge shi ya rasu.

Sai maganar fushi, wadda a ƙungiyar iyali ta fi zafi saboda wanda aka tura bango ɗanka ne ko mijinki. Dokar kusan kowane fili ita ce direba ke ɗaukar laifin mutanensa, kuma shiga wurin wata ƙungiya da faɗa yana jawo tara ko dakatarwa. Filin Bowman Gray ya yi suna da irin wannan rigima har ana masa laƙabi da gidan mahaukata, kuma 'yan kallo suna jin daɗinta, amma ba su ke sayen lagireto ba. A amince tun a gida cewa ba a zuwa wurin kowa a daren, ba a kuma rubuta komai a Facebook sai an kalli bidiyo washegari. Mutumin da aka zaga yau shi ne zai iya ba da aron kayan gyara mako mai zuwa. Waɗanda suka zo a sahun gaba ana wucewa da su kai tsaye kan sikeli, don haka a bar ɗan rarar nauyi saboda fetur ɗin da zai ƙone, kada a ci tsere a rasa shi saboda kilo biyu.

Mataki na tara: daga Lahadi zuwa Juma'a

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a wannan harka tun daga Lahadi. A wanke motar tas, musamman ta filin ƙasa wadda yumɓu ke maƙale mata har ya canza nauyinta, domin a jikin ƙarfe mai tsabta ne ake ganin tsaga. Ranar Litinin a ɗora ta a ƙafafun ƙarfe, a cire tayoyi, a bi kowane noti da sifana daga gaba zuwa baya, a girgiza kowace mahaɗa ta sitiyari, a duba birki da bututun fetur da wayoyin batir. Duk ɓangaren da ya sha duka, ko da bai nuna ba, a auna shi a kwatanta da awon da ke cikin littafi. Kayan da za a yi oda a yi ranar Litinin ɗin don su iso kafin Alhamis. Laraba ta taya ce da baƙin mai, Alhamis a koma kan sikeli, Juma'a a loda.

A ware aƙalla dare ɗaya a mako da ba a buɗe gareji, kuma idan ruwan sama ya sa an soke tsere, a bar motar a tirela a fita da waɗanda ba su damu da mota ba amma suke haƙuri da ita. Idan kaka ta ƙare a watan Satumba, a buɗe littafin rubutu da na kuɗi tare a kan tebur ɗaya. Iyalin da direbansu ya gama yawancin tserensa a cikin biyar na farko, kuma asusunsu bai taɓa cin kuɗin gida ba, suna iya fara tambayar farashin motar rukuni na gaba. Waɗanda ba su kai haka ba su cire injin, su aika ɗamarar da wa'adinta ya cika a sabunta, su kuma sauko da sabon littafin dokoki da zarar filin ya fitar da shi a lokacin sanyi, su karanta shi da biro kamar yadda suka yi da na bara.